DJ Birki a Hannun Kakarsa

"...gajiya ta bi lafiya, Kulu. Ina makullin?"

"Haka ake gaida mata a Kankiya? Ko ƙasa ba ka taɓa ba, sai makulli?"

Abdullatif ne, jikanmu, ya faɗo gidanmu na Kunduru a kan mashin bayan la'asar. Ina inuwar rumbu ina tufka. Mai ɗakina Hawwa'u, wadda jikoki suka raina har suke kiranta Kulu gatsal, tana bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Makullin da yake nema na ƙaramin ɗakin da ya ajiye kayan kiɗansa ne: kwamfuta, sifiku, da wata na'ura mai maɓallai da yake haɗa waƙa da waƙa da ita. Ubansa ya hana shi kunna su a gida, shi ya sa ya kwaso su nan, inda akwai sola kuma babu mai tsawata masa. Tun farkon damina yake zuwa da yamma yana koyo. Sai ya ɗauke ƙafa, tun daga wani biki da ya yi wa kiɗa a Kusada. Yau ga shi ya dawo, ya ƙi zama.

"To, ina wuni, ina gajiya, ina tsufa. Na gaishe ki. Makulli."

"Tsufa na gaishe ka, ya ce kai ma kana hanya. Wane irin miji ne kai? Ka ɓace kamar an aike ka Ikko, ka dawo ko ƙullin gishiri babu."

"Kamalu na jirana a Kankiya. Shi zai sayi kayan. Da magariba zai wuce Katsina, in ban kai mashi ba kafin nan, ya fasa."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar, sannan ya ci gaba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Kajina za su koma ƙwai. Tun da ka fara wanga dum-dum, kaza ta hau akurki ta sauko ba ta san abin da ta je yi ba."

"To ba ni, kajinki su huta."

"Na manta inda na aje shi."

"Ga shi can ƙulle a bakin zanenki, ina ganin shi."

"Ji marar kunya. Ido a kan zanen mutane, gaban Malam kuma."

Yaron ya zagaya turmi, ya dawo, ya duba waya, ya mayar aljihu, ya sake ciro ta.

"Zamna mana, DJ Birki," in ji ta.

Sai ya tsaya cik. "Har nan sunan ya iso?"

"Suna? Har hoton mai motsi aka nuna mani a waya. Gwaggon amarya ta shiga fili, ta karkace kafaɗa, ta ɗaga ƙafa, sai ka yanke mata kiɗa, ka sako wani mai gudu kamar an biyo ɓarawon akuya. Baiwar Allah ta tsaya da ƙafa guda a sama kamar zalɓe a bakin tafki. An ce har yanzu ba ta sauke ba."

"Kwamfutar ce ta sanƙare."

"Na tambaye ta, ta ce kai ne."

Bai yi dariya ba. Ya jingina da bango yana kaɗa ƙafa.

"Kulu, bar wasa. Duk inda na gilma a Kusada, 'yan acaba sai su taka birki su kece da dariya. Na gaji. Kullum abu ɗaya nake yi a ɗakin can, waƙa biyu sun ƙi shiga juna. Na kalli bidiyon masu koyarwa har idona ya yi ja. Wasu da kunnen aka haife su. Ni ba ni da shi."

"Kunne kau kana da shi, ga su nan kamar faifai. Na kakanka ka ɗauko."

Na ci gaba da tufkata.

"Za ki ba ni ko in tafi in ce mashi a bari?"

"Zan ba ka. Amma ni ba a sakina a bushe. Damina guda ina shan ƙararka, ko sau ɗaya ba ka ce Kulu taso ki taka ba. Fito da kayan nan tsakar gida. Zan shiga fili, ka sa mani waƙa, ka sauya wata ina cikin rawa. In ƙafata ba ta tsaya ba, kwashe ka kai wa Kamalunka. In ta tsaya, ka sake."

"Ke? Rabonki da rawa tun ana zuwa Kano a kan jaki."

"Tambayi wancan," ta nuna ni da haɓa. "A dandalin ƙauyen Boko ya ganni, har yau bai warke ba."

"In kika faɗi ba ni da kuɗin ɗori."

"In na faɗi kai za ka goya ni, ba kai ne mijin ba?"

Ta kwance makullin ta jefa masa. Cikin hanzari ya fito da kayan, ya jera su a kan teburin da muke ɗora tulu, ya ja waya daga batirin sola. Ya kifa abin sauraro a kunnuwansa. Ita kuwa ta ture farantin gyaɗa, ta gyara ɗaurin zane, ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a gwiwa.

Ya sa wata waƙar biki mai sanyi. Ta fara takawa, ƙafa tana jan ƙasa, kafaɗa tana bi. Ba a jima ba ya murɗa wani abu, ya tura wani. Waƙa ta biyu ta faɗo kan ta farko, ganguna suka yi karo kamar an zubar da kwanuka. Ta tsaya, ta ɗaga ƙafa ɗaya sama.

"Birki."

"Hannuna ne bai zamna ba tukuna."

"Zamnar da shi. Ina nan."

Ya sake. Ta sake tsayawa. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka da hagu.

"Kamalu, ga ni nan, ɗaure kayan nake." Ya kashe.

"Ƙarya gaban matarka, ko kunya. Ni ce kayan?"

"Ke ai ko kyauta aka ba Kamalu ba zai karɓa ba."

"Shi ya yi asara. Sa mani kiɗa."

Haka suka yi ta yi. Wani lokaci sabuwar waƙar ta riga ta, wani lokaci ta makara, wani lokaci ya kashe ta farkon da wuri a ji shiru ya gifta kamar an ɗauke wuta. Kowane karo ƙafar nan sai ta tashi sama.

"Wai kai da wa kake hira a cikin akwatin nan? Tun ɗazu ka tsura mata ido."

"Layukan nan ke nuna mani inda bugu yake."

"To layukan su fito su yi maka rawa, ni in koma ga gyaɗata. Na sha kwalliya, miji na kallon akwati."

"Wace kwalliya? Wannan zanen tun ina rarrafe nake ganin shi."

"Kuma a kanshi ka yi fitsari. Shi ya sa ya ƙi mutuwa."

A nan dariya ta kubce masa. Ya ɗago kai, kuma da ya ɗago bai mayar ba. Na ga idonsa ya sauka a diddigenta, inda take dira shi a ƙasa duk sanda babbar ganga ta buga. Kansa ya fara gyaɗawa tare da diddigen. Yatsunsa suna kan maɓalli, amma ba su yake kallo ba.

Wannan karon waƙar ta shigo a hankali. Ni da ba na jin komai a harkar, ban ji inda aka yi gamin ba. Sai ga ƙafa a sama.

"Birki."

"A'a. Wannan ya shiga. Wallahi ya shiga."

"Ƙafata ta ce bai shiga ba."

"Ƙafarki sanyin ƙashi ke damunta."

"Ko kuturta ke damunta, ita ce alƙali."

Ya juyo wurina. "Malam, kai ka gani. Ka faɗi tsakaninka da Allah."

Na ce masa igiyata nake kallo. Gaskiya ne kuma, a daidai lokacin igiyar nake kallo.

"Kun haɗa mani kai," in ji shi. "To tsaya ki gani. Sai na yi wanda ko ke ba ki da bakin magana."

Wayar ta sake ƙara. "Kamalu, ka ƙara mani ɗan lokaci, tsohuwa ce ta riƙe ni." Ya ajiye ta a kan tabarma.

Inuwar rumbu ta miƙe har ta kai bakin rijiya. 'Yan matan maƙwabta da suka zo ɗiban ruwa suka ajiye bokitai a zaure suna leƙe. Abdullatif ya yi ta gwada gamin, ya ɓata wasu, ya kusa a wasu. Ya fara magana shi kaɗai: "A'a, na yi gaggawa... bari ta zagayo." Duk sanda ya duƙa neman wata waƙa, sai Hawwa'u ta dafa ƙugu ta ja numfashi da baki. Yana ɗagowa ta saki, ta gyara fuska.

"Kin gaji?"

"Uwarka ta gaji. Ni yanzu na fara."

"Gumi na zuba a wuyanki."

"Na farin ciki ne. Yau zan rabu da kai."

Wayar ta yi ta kuka a kan tabarma har wani zakara ya zo ya tsaya a kanta yana karkata kai.

"Abokin cinikinka na kira."

"Bar shi."

"Rana na faɗuwa fa."

"Na ce bar shi. Koma fili."

Ya sa wata waƙa da take so, irin wadda mata ke amshi a gidan suna. Ta shiga tana takawa tana rerawa, muryar tana rawa saboda numfashi. Takunta ya ragu, ba kamar da farko ba. Na ga ya lura. Maimakon ya ja ta zuwa saurin sabuwar waƙar, sai ya ja wani maɓalli ƙasa sannu-sannu, ya rage wa waƙar gudu har ta zo daidai da tsohuwar ƙafar. Sannan ya shigo da ita ta ƙarƙashi, kaɗan-kaɗan, kamar mai ƙara ruwa a kunu.

Ta zagaya turmi, ta wuce gaban murhu, ta juyo tana tafi tana amshi. 'Yan matan zaure suka fara rufe baki da mayafi. Ta yi nisa kafin ta ji abin da bakinta ke faɗa. Baitin sabuwar waƙar take rerawa.

Ta tsaya, ƙafa biyu a ƙasa.

"Yaushe ka sauya?"

"Tun kina wajen turmi."

"Ƙarya kake."

"Tambayi bakinki."

Ta dube shi, ta dubi 'yan matan, sai dariya ta kama ta har ta zube a kan tabarma, zakara ya tashi firr. Da ƙyar ta samu numfashi.

"Ka ci, ɗan banza. Ka sace mani waƙa a ƙarƙashin ƙafa ban ji ba. Kwashe kayanka. In ka taka mashin yanzu za ka iske shi."

Ya kashe kiɗan, don ladan ya kusa kiran magariba. Ya ɗauki wayar, ya nemo lambar Kamalu. Sannan ya kira.

"Kamalu, wuce abinka. A'a, ba a daidaita ba. Mai kayan ce ta ƙi."

"Ni?" in ji Hawwa'u. "Ni da na ce ka kwashe? Malam, kana ji zai laƙa mani."

"Sau ɗaya fa ya shiga," in ji shi, yana naɗe wayar wuta a hannu. "Ƙila sa'a ce. Sai na yi shi a jere, ba kuskure, sannan in san na iya. Gobe bayan la'asar ki shirya."

"Kashe ni za ka yi ka ci gado?"

"Gadon me? Kaji marasa ƙwai?"

"Zo nan. Duƙo."

Ya duƙa a gabanta yana tsammanin ranƙwashi. Ta laluba cikin ɗan gwangwaninta, ta ciro goro, ta ɓare shi biyu, ta manna masa ɓari ɗaya a goshi, yadda ake yi wa makaɗi liƙi a fili. Gumi ya riƙe shi.

"Mutane na liƙa sababbin kuɗi, ke goro? Goron ma ɓari?"

"Kiɗan ɓari ka yi," ta ce, ta jefa ɗayan a baki. "Ran da ka yi cikakke, ka zo mu yi magana. Yanzu kama ni in tashi, ƙafar ta ƙi."