Jatau da Kantar Dutse

A garinmu an yi wani mutum mai suna Jatau. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. Matarsa Tasalla ita ke riƙe da gidan. Alkaki da dubulan take yi na biki, har daga garuruwan maƙwabta ake aiko mata. Shekara da shekaru a tsugune take murza ƙulli, har bayanta ya soma ciwo. Da ta samu hali sai ta sa aka gina mata kanta, wato teburin aiki na siminti, a kicin, ta ce a shimfiɗa mata tayil na dutse, irin mai sulɓin nan da wuƙa ba ta yi masa tabo.

Wata rana ta ce, "Malam, ka shiga birni ka zaɓo mana tayil ɗin. Mai ruwan toka nake so." Jatau ya je shago ya bi tayil ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, duk a bushe. Ya fita ya roƙi toka wurin mai ƙosai, ya dama a gora, ya dawo ya kwarara a kan wani jan tayil da ke tsakiyar shago. Mai shago ya daka tsalle. "Bawan Allah, lafiyarka?" Jatau ya ce, "Mai ruwan toka aka ce, naku kuwa babu, shi ne na zuba." Masu sayayya suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai da aka kira Tasalla a waya ta faɗi launin da bakinta. Ta ce ko ta cikin wayar ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Wata rana Isiyaku mai tayil, wanda zai yi aikin, ya aiko cewa Jatau ya yi awo ya kai masa, don ya san yadda zai yanka dutsen. Jatau ya ɗauki buhu ya tafi kasuwa, ya auno gero da dawa, ya sungumo har ƙofar Isiyaku. "Ga awon." Isiyaku ya leƙa buhu, ya dubi Jatau. "Tsawo da faɗin kanta nake nufi!" Matan gidan Isiyaku suka ji, kafin la'asar labari ya zaga gari. Tasalla ta yi kwana uku ba ta leƙa ko zaure ba.

Wata rana aka gama shimfiɗa tayil, ya yi kyau, mutum na ganin fuskarsa a ciki. Da Isiyaku zai tafi ya ce, "Simintin ɗanye ne, a bar tayil ɗin ya sha iska." Tasalla ta shiga maƙwabta barka. Jatau ya dubi kicin, taga ɗaya ce, ƴar ƙarama. Ya sa wuƙa ya ɓamɓare tayil ɗin kaf, ya jera a baro, ya tura ya bi gari da shi. Ya wuce ta gaban masallaci, ya wuce ta majalisar dattawa. "Jatau, ina zuwa?" "Shan iska muka fito." A bakin kasuwa Tasalla ta cim masa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, mu je gida." Wannan haƙurin nata ya fi yi masa ciwo. Ya tura baro kansa a sunkuye, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana Isiyaku ya dawo ya sake aikin, yana yi yana tsaki. Bayan ya bushe ya zo dubawa, ya bugi ƙirji. "Wannan kanta ko jaki ya hau ba za ta motsa ba." Washegari ne za a yi suyar alkakin wani babban biki, za a ɗora risho da kaskon mai a kan kantar, mata shida za su zauna a gindinta. Jatau ya ce a ransa, wannan karon ba zai bari a sake jin kunya ba. Ya aro jakin maƙwabci, ya jingina katako a jikin kantar, ya riƙa jan jakin da dusa don ya hau. Ƙafafun gaba na sauka a kan tayil, sai ji aka yi rugugum! Kanta ta rufta, jaki ya fita a guje yana kuka.

Maƙwabta suka cika gidan. Tasalla ta tsaya, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Sai wani dattijo, tsohon magini, ya duƙa ya ɗebi ɓaraguzan ya murza, suka zube kamar gari. "Yashi ne zalla, ƙarfe ko ɗaya babu a ciki," in ji shi. "Da gobe ne da tafasasshen mai a kai fa?" Isiyaku, wanda ya biyo maƙwabta ya shigo, ya tuna bugun ƙirjin da ya yi, ya sulale ta bayan mutane, ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.

Jatau yana rakuɓe a jikin bango, ya ce, "Tasalla, ki yi haƙuri, na sake ɓata."

Ta juyo ta dube shi. "A'a, Malam. Yau kam ka share mini hawaye."

Ya matso ya duba fuskarta da kyau. "Ban share ba tukuna," in ji shi, ya kama bakin rigarsa ya goge mata ido a gaban kowa. Tasalla ta tsaya cak, ta bar shi ya gama.