Yadda Za Ka Zama Injiniya da Layi Ɗaya

Kai mai son a riƙa kiran ka Injiniya ba tare da ka taɓa leƙa jami'a ba, matso kusa. Matakan nan ba sa kuskure. An gwada su a garin Lolo, bakin iyakar Benin, a kan wani saurayi, Muzammilu, sun ba shi wata bakwai cur na girma.

1. Jira kwamfutar wani ta rikice

Ta Alhaji Ma'azu ta fi dacewa, mai shagon buga takardu a bakin tasha. An sabunta mata kanel, wato zuciyar manhajarta. Tun ranar, ɗan shirin da ke gaya wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, lokacin gudu da lokacin hutawa ya daina tashi da kansa. Kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya, 'yan kasuwar da suka ƙetaro daga Benin suna layi har rana ta take.

2. Gano maganin, ka haɗiye rabinsa

Minti goma Muzammilu ya yi yana bincike a waya, ya samu magani biyu. Na farko, ka rubuta umarni layi ɗaya duk lokacin da aka kunna ta. Na biyu, ka sa sunan shirin a wani fayil, an gama har abada. Kada ka kuskura ka kalli na biyun. Mai gyara abu gaba ɗaya, godiya ɗaya yake samu.

3. Yi wa layin ado

Aikin sakan biyar ne, mai da shi rabin awa. Kara kunne a jikin kwamfutar. Girgiza kai. Ce kowa ya ja baya. Jefa kalma biyu ta Faransanci, ko da sunan kifin gwangwani ne, ba mai tambaya.

4. Karɓi girmanka da hannu biyu

Shayi da ƙwai kowace safiya, kujerar ƙarƙashin fanka kuma ta zama taka. Alhaji yakan nuna Muzammilu ga baƙi yana cewa, "Wagga kwamhuta, in ba ta ga Injiniya ba, ba ta motsi." Kai, har ya yarda a turo magabata neman 'yarsa Munawwara bayan girbin shinkafa, alhali da ko sallamarsa da ƙyar yake amsawa.

5. Lura da mai kallon hannunka

Nan mutuminmu ya yi sake. Munawwara ce ke buga takardun shagon, kullum idonta na kan yatsunsa. Bawan Allah ya ɗauka so ne, har zobe ya sayo ya ƙara. Ashe mai buga shafi guda kafin shayi ya huce, karanta yatsu ba ya yi mata wuya.

6. Kada ka yi tafiya ranar kasuwa

Muzammilu ya ƙetara Benin da sassafe sayen atamfofin lefe, ruwan sama ya tsare shi har azahar. Ya dawo a guje, yana tsara haƙurin da zai ba shagon da ya tsaya cik. Sai ya tarar firinta na aman takardu, ba layi.

"Wa yat tashe ta?" ya tambaya yana haki.

"Da kanta tat tashi," in ji Munawwara, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na bi layin naka cikin waya, na sa sunan abin ga fayil. Yana nan ƙasan amsar da ka karanta. Mi yah hana ka yin shi tun farko?"

Alhaji ya juyo gare shi. Sannan ya ce, "Muzammilu, tashi daga kujerag ga, baƙo na tsaye."

Wata bakwai rabon da ya ji sunansa a bakin nan, kuma wallahi har ni sai da ya ba ni tausayi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da shayin da aka yanke maka, ko magabatan da aka ce su dakata tukuna. Girma ya yi maka alkawari, bai faɗi na wata nawa ba. Mai bukatar atamfa turmi uku, sababbi dal a leda, ya nemi Muzammilu a bayan tasha.