Uwata Tana Mutuware, Ku Kuna Haɗin Kai

Zuwa ga masu girma, masu alfarma, iyayenmu na Kwamitin Haɗin Kan Ikkilisiyoyi da Ƙaunar Ƙasa na gundumarmu, makiyayan da ba ma gajiya da kallon hotunansu.

Bayan gaisuwa mai yawa da durƙuso har ƙasa, ina fatan muryoyinku sun warke daga addu'ar da kuka yi wa Zambiya a filin ƙwallo. Ni ce Chimuka, 'yar marigayiya Esnati Hamaundu. Na san ba za ku tuna ta ba, ko da yake mutum uku a cikinku sun sha cin kazarta. Tun makon jiya tana kwance a mutuware, domin har yau ba a samu cocin da ya yarda tasa ce ba.

Na ɗaya, ina taya ku murna. Ranar addu'ar ƙasa kun riƙe hannun juna, kun ce duk mai bin Almasihu ɗan'uwanku ne. A kan keke muka kai Mama, tana ɗaure da zane mai launin tuta, ta yi ta hawaye tana cewa, "Chimuka, yau na ga abin da na daɗe ina roƙo." Allah sarki! Ban gaya mata ba cewa ranar da muka sha kafin a fara, gardama kuke yi a kan wanda zai buɗe taro.

Na biyu, na je cocin mishan, inda aka yi mata baftisma tana jaririya. Limamin wurin, wato shugabanku, ya karɓe ni da kyau, har da kujera. Ya ce ai tun da ta auri Babana mai ibadar Asabar ta bi shi, ta fita daga hannunsu. Ashe aure ridda ne? Da an sanar da ita tun wuri, wataƙila da ba a haife ni ba, balle in dame ku.

Na uku, na tafi wurin masu Asabar ɗin. Shekara da shekaru tana share musu coci, duk makokin da aka yi ita ce a bakin tukunyar nsima, wato tuwon masara. Dattijo Muleya ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yata, an gan ta a cocin tanti ranar Lahadi." E, an gan ta! Gwiwoyinta sun ƙi, cocinsu yana ƙetaren rafi, tantin kuwa ga shi a bayan dangarmu. Shi wanda ya gan ta ɗin, ido kawai gare shi, ba shi da keken ɗauko ta?

Na huɗu, tantin. Fasto Siachitema, wanda lasifikarsa ta hana kajinmu ƙwai, ya ce yana ƙaunar Mama ƙwarai, sai dai ta ƙi a sake mata baftisma. Gaskiya ne. Cewa ta yi, "Ɗana, an yayyafa min, an nutsar da ni a rafi. Na uku kuma ai sai mura." A kan wannan ne ya ce ba yadda zai yi. Mutumin da yake ta da matattu a allon tallarsa ya kasa binne guda ɗaya.

Na biyar, na kawo kukana ofishinku. Sakatare ya ce magana ce mai nauyi, za a kafa ƙaramin kwamiti, amma sai bayan bikin 'yancin kai, yanzu ana shirin fareti. Ranku ya daɗe, ina tambaya cikin ladabi: wace Zambiya ce kuke ƙauna haka? Wadda na sani dai tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, kuma tana cikin firiji. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Uwata ce fa.

Amma kada hankalinku ya tashi. Jiya mata suka cika gidanmu: maƙwabciyarmu Bina Luyando ta mishan, da ƙawayen Mama na Asabar, da 'yan waƙar tanti. An gargaɗe su kada a ga kowa da rigar zumuntar cocinta a wannan makoki, sai kowacce ta ninke tata ta zo da zanen gida. Suka zauna a ƙasa suna waƙa, na kasa gane wace ce ta wane coci. Bina Luyando ta ce, "Ke, share hawayenki. Ko ba limami ba fasto, mun san hanyar maƙabarta."

Saboda haka gobe za mu binne ta, kuma ina gayyatarku da dukan girmamawa. Babu jawabi, babu kujerun gaba. Ƙasar wurin tana da tauri, mazan gidanmu kuma kaɗan ne. Idan akwai wanda ɗarikarsa ba ta haramta riƙe shebur ba, don Allah ya zo da nasa.

Taku mai biyayya, wadda take so ta yi muku addu'a amma ba ta san ta wane coci za ta aika ba,

Chimuka Hamaundu
Monze