Layin Nomau a Hayin Gada

A Tungar Maje an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, a noma ma ba a fi shi ba, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Su biyu ne a gidan, shi da matarsa Tasalla, wadda ta yi yaƙi da jahilci har tana karanta wasiƙa. Akwai kuma ɗakin ɗansu Hambali, shekara bakwai a kulle. Ran da zai tafi kudu neman abinci ya ce, "Baba, katina na garin nan ne. Ran zaɓe za ka gan ni a layi." An yi zaɓe ɗaya bai zo ba, lambarsa ma ta daina shiga. Tasalla takan yi kukanta a madafa ta ce hayaƙi ne. Nomau kuwa ya ce ai yaron bai faɗi wane zaɓe ba. To ga wani ya ƙarato, gari ya rabu biyu, 'yan jam'iyyar Tulu da 'yan jam'iyyar Fitila. Shi ba ruwansa da ko ɗaya, kewar ɗansa ce ke cinsa.

Wata rana aka wayi gari da takardu a ƙofar kowane zaure. Tasalla ta karanta masa: wai na'urar zaɓe ba ta karɓar yatsa mai kanta, don haka manoma su yi zamansu a gida.

"Ƙarya ce, Malam," in ji ta.

"Da hatimi fa a jiki, Tasalla. In aka hana ni layi, a ina zan ga yaron?"

Ya lafta wa babban yatsansa man shanu, ya naɗe da tsumma, ya ɗaga shi sama. Mako biyu ko igiyar guga bai taɓa ba, tuwo ma a baki Tasalla ke ba shi kamar ɗan yaye. Duk inda ya bi, kyanwoyin unguwa na biye da shi har ƙofar masallaci.

Wata rana Sallau, wakilin 'yan Tulu, ya tare shi ya ce, "Aikin 'yan Fitila ne wannan, so suke su hana mutanenmu fita. Duk inda ka ga takardar nan, tattaro ta." Da yamma Mamuda na 'yan Fitila ya ce masa, "Sharrin 'yan Tulu ne. Kai wa kowa ya gani da idonsa." Nomau bai ga abin wuya a nan ba. Da safe ya bi gida gida ya karɓe takardun, da la'asar ya sake bi ya mayar wa kowa tasa. Kwana huɗu yana haka aka kama shi a kasuwa, kowane ɓangare na rantsuwa ya cafke yaron abokan hamayya.

"Wa ya aike ka?" Sallau da Mamuda suka tambaya baki ɗaya.

"Ku biyun," in ji Nomau.

Kasuwa ta kwashe da dariya, wakilan suka sulale kowa ya kama gabansa.

Wata rana, ana saura kwana uku a yi zaɓe, wata takardar ta sake zuwa. Wai an mayar da wurin jefa ƙuri'ar Tungar Maje zuwa Hayin Gada, tafiyar rabin yini a ƙafa, kuma a je da wuri. Wannan karon har masu wayo suka yarda, tsofaffi suka ce sun haƙura. Nomau ya ji an ce da wuri. Alhamis da asuba ya rataya gorar ruwa, ya ƙulle ƙuli-ƙuli a gefen riga, ya kama hanya. A filin makarantar Hayin Gada ya tsaya shi kaɗai, ƙyam, ya bar gibin mutum ɗaya a gabansa.

Jama'a suka taru. Mai unguwarsu ya ce, "Bawan Allah, lafiya?"

"Layi nake. Zaɓenmu nan aka kawo shi." Ya miƙa takarda.

Mai unguwa ya karanta, ya zaro tasa daga aljihu. Hatimi ɗaya, rubutu ɗaya, sai dai tasu cewa ta yi an mayar da su Tungar Maje. Da ba don wawan nan ba, da ran Asabar garuruwan biyu sun yi wa juna sannu a hanya, akwatunansu na zaune ba kowa. Nan take aka tura babur, aka yi shela a can da nan cewa kowa ya yi zaɓe a garinsu. Wanda ya buga takardun kuwa, har yau kowace jam'iyya ɗayar take nuna wa yatsa.

Aka ce Nomau ya hau babur a kai shi gida, ya ƙi. Tasalla ta aiko ana roƙonsa, ya ce takarda nan ta ce. Ran Asabar mutanen Hayin Gada suka yi layinsu a gindin rimin kasuwa inda suka saba, shi yana filin makaranta, idonsa na kan hanya. Azahar ta wuce, ƙuri'arsa ta tafi a banza, zuciyarsa ta fara karaya.

Can da la'asar wata mota ta sauke mutum ɗaya, ramamme, da 'yar jaka a kafaɗa da takarda irin ta Nomau a hannu. A tashar birni aka ba shi ita, shi ma bai tambayi kowa ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya nufo filin yana dube-dube, sai ya tsaya cak.

"Baba?" in ji shi. "Kunya ce ta riƙe ni, Baba. Ban samo komai ba."

Nomau ya dube shi tun daga hula har takalmi, hawaye na bin gemunsa. Ya ja da baya taku ɗaya, ya nuna gibin da ke gabansa.

"Shiga nan, Hambali. Tun Alhamis na kama maka wuri."