Bunsurun Farfesa Mulroy

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa gundumarmu baiwa da su, a nan yammacin Ireland, sai a fara da Mista Fintan Mulroy, a ɗan huta, sannan a nemi na biyu. Shi ne shugaban gidan dabbobin da aka yasar, can bayan kasuwar shanu. A da abincin kaji yake sayarwa. Amma ya taɓa zuwa Dublin wani kwas na ƙarshen mako, ya dawo da takardar shaida da tabarau da wani sabon tari irin na manya. Tun daga nan muke ce masa Farfesa. Bawan Allah ya ɗauka da gaske ne, har amsawa yake yi.

Farfesa ba ya taɓa dabba da hannunsa, saboda kwat ɗinsa. Ƙaunarsa duka tana kan wani allo da ya kafa a ofis, mai layi biyu. Jan layi na dabbobin da ake kawowa ne, kore na waɗanda suka samu masu ɗauka.

"Jama'a," yakan ce mana a gidan shan shayi, ko ba a tambaye shi ba, "dabba tana zuwa ta wuce, alƙaluma su ne tarihi. Ku ba ni shekara guda. Jan nan sai ya durƙusa, koren nan sai ya taɓa rufi."

Yana da dalilin ɗokinsa. Majalisar gunduma ta ce in ba ta ga ci gaba ba za ta rufe gidan, a kwashe dabbobin zuwa birni, inda wanda bai samu mai so da wuri ba allurar mutuwa ce makomarsa. Su kuwa dabbobi ba su da labarin allo. Bayan Kirsimeti sai ga 'yan kwikwiyon da yara suka gaji da su. Ga karnukan tsere da ƙafa ta daina gudu. Tsofaffin manoma kuma ba su fasa mutuwa suna barin karnukan kiwo ba.

Nan basirar Farfesa ta motsa. Ya kafa doka cewa dabba ba ta shigo ba sai ya amince ta shigo. Kafin nan baƙuwa ce kawai, baƙo kuwa ba a sa shi a allo. Ran da tsoho Packie Tierney ya kawo karen wansa, kwana kaɗan bayan jana'iza, Farfesa ya tare shi a ƙofa.

"Mista Tierney, wannan watan layin ya yi kyau. Ka dawo in sabon wata ya kama."

"Fintan, wana ne ya mutu," in ji Packie. "Bai duba allonka ba kafin ya tafi."

Ya ɗaure karen a ƙyaure, ya shafa kansa, ya juya yana share ido da hularsa. Kare ya zama baƙo. Jan layi ya ƙara sunkuyawa.

Saura kore. A nan ne Allah ya haɗa Farfesa da wani bunsuru da aka tsinta a kan titin dutse, mai gemu, mai warin da ake ji tun daga bakin coci. Gundumarmu kuwa ta cika da baƙi 'yan birni da suka sayi tsofaffin gidajen gona suna neman rayuwar karkara. Farfesa ya ba wani likitan haƙori mai ritaya bunsurun da sunan Duke. Sati bai cika ba likita ya dawo da shi. Aka datse gemu, aka canza igiya, ya tafi gidan wasu Jamusawa mata da miji da sunan Biskit. Ya dawo. Ya tafi a Oscar, ya dawo, ya tafi a Barney. Duk fita ana ɗaga koren layi. Dawowa kuwa ziyara ce. Mu 'yan gari duk mun sani, amma ba wanda ya tambaye mu, kuma rabonmu da nishaɗi irin wannan an daɗe.

Da koren ya kusa rufi, Farfesa ya ga bai kamata tarihi ya wuce ba shaida ba. Ya shirya biki. Ya gayyaci shugabar majalisa, Misis Attracta Devaney, da mai hoton jarida. Ya kuma sa a aika wa duk wanda ya ɗauki dabba a bana, don ya ga yawansu zai cika hoto. Aka kafa rumfa, aka jera shayi da burodi da man shanu, ruwan sama ya zo shi ma kamar kullum.

"Ranki ya daɗe," ya fara, hannu ɗaya a ƙirji, "na tarar da gidan nan kango, na mai da shi madubi. Yau a gundumar nan babu dabbar da ba ta da gida. Babu! Waɗannan fuskoki da kike gani, kowace fuska rai guda ce da na ceto."

Fuskokin sun zo da yawa, sai dai ko ɗaya ba ta zo da dabba ba. Yana cikin jawabi bunsuru ya ɓalle daga bayan gida, ya nufo teburin burodi.

"Duke!" in ji likitan haƙori, ya haye kujera.

"Wane Duke? Biskit ne wannan!" in ji Bajamushiya. "Shi ya cinye mana labule!"

"Baiwar Allah, Oscar ne," in ji wani mutum daga baya. "Oscar ɗina. Je ki ga kujerar motata."

Rumfa ta kaure. Kowa na kiran suna, bunsuru na amsa wa kowa da baki cike.

Misis Devaney ta ajiye kofinta, ta bi haushin da take ji ta zagaya baya, Farfesa na biye da ita yana tari. Kowane keji karnuka biyu ko uku. Akwai a sito, akwai a banɗaki. Karen wan Packie yana kwance ƙarƙashin injin wanki, ya ɗago kai ya dube ta.

"Waɗannan fa, Mista Mulroy?"

"Baƙi ne, ranki ya daɗe."

"To lallai kana da jama'a."

Ta dawo rumfa ta ce gidan da ya cika haka ba a rufe shi, ƙari ma za a yi masa, da majalisa ta san haka da tuni an yi. Wato abin da Farfesa ya shekara yana ɓoyewa shi ya ceci gidan. Nan take ya gyara tabarau, ya sanar da cewa dama shirinsa ke nan.

"Madalla," in ji ta. Ta kamo igiyar bunsuru ta danƙa masa. "Ka ce babu dabbar da ba ta da gida. Ga ta ƙarshe. Mai hoto, matso."

Haka Farfesa ya fito a jarida yana murmushin dole, bunsuru na tauna gefen kwat ɗinsa. Ya kai shi gida. Matarsa Nuala mace ce mai haƙuri, ta jure Fintan tun suna matasa, amma ta ce biyu sun yi mata yawa. Da bunsuru ya gama da furanninta ya shiga kan rigar da ta ɗinka don auren 'yarsu, sai ta fito da akwati ɗaya da igiya ɗaya ta ajiye a ƙofa.

Yanzu su biyun a gidan dabbobi suke, Farfesa a ofis kan gadon tafi-da-gidanka, abokinsa a keji na kusa. Matan da ke zuwa aikin sa kai har yau suna gardama ko ya kamata a sa Farfesa a jan layi. Bunsurun dai wani manomi ya zo ya duba shi, ya ce zai yi shawara. Farfesa kuwa ba wanda ya zo tambaya tukuna.