Injiniya Mai Haruffa Huɗu

Kaf ƙasar Bodinga babu na biyun Injiniya Zayyanu a harkar kwamfuta. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma wa ya fi shi sani? Gilashi yake sawa ba ciwon ido, jakar kwamfutarsa kuwa har gidan suna take zuwa.

Shi manoman albasa na Danchadi suka ba riƙon shugabancin manhajar waya da za ta riƙa faɗa wa kowa ranar da injin ban-ruwa zai zo gonarsa. Sharaɗi ɗaya ne: in ta yi aiki ranar ƙaddamarwa, kujera ta zama tasa.

To, duk gyaran da aka yi wa manhaja, kwamfuta kan ba shi lambar shaida mai haruffa arba'in, don kada ya rikice da wani. Gogan naka ya ga almubazzaranci ne. Ya datse, ya bar huɗun farko, daidai abin da zai haddace ya burge jama'a.

Safinatu, 'yar garin Shagari da ke rubuta manhajar, shi kuwa sai sa hannu, ta ce, "Yallaɓai, gyaranmu ya haura ɗari huɗu. In buhu biyu suka ɗauki alama guda, wanda direba ya fara gani zai sauke."

"Mi kika sani, yarinya? Ni da na zauna Legas wata ukku! Ilimi taƙaitawa ne."

Ranar ƙaddamarwa ya sha babbar riga, ya karanto haruffansa huɗu da ƙarfi, ya ce kowa ya latsa su a wayarsa don sauke sabuwar manhaja. Ashe huɗun nan sun yi daidai da na wani tsohon gyara, wanda ya yi shi kaɗai a ofis yana gwada sauti. Rumbun intanet da ke ajiye gyare-gyaren ya ga suna ɗaya, ya miƙo tsohon.

Wayoyi ɗari biyu suka amsa da muryarsa: "Gwaji, gwaji. Ranka shi daɗe Injiniya, fitilar Bodinga! A nan jama'a za su tafa." Sai ƙarar tafin mutum ɗaya, raf, raf, raf.

Wayyo kunya! Gumi ya wanke gilashin.

Alhaji Mainasara, shugaban manoman, ya jira tafin ya ƙare tsaf, sannan ya juya wajen Safinatu.

"Ɗiyata, amshi jakar nan. Ki maido muna da sauran haruffa talatin da shidan, albasa na jin ƙishi."