Rasuwar Ƙatuwa, Lasifikar da Ƙara Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haƙora a cije, Umma mai riƙe da mabuɗin ɗakin haɗa kiɗa na hawa na biyu tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa yin waƙa a ɗakin nan cewa Ƙatuwa ta rasu. Ƙatuwa ita ce babbar lasifikar nan baƙa da ke zaune a ƙasan tebur, mai fitar da ganga da bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasan kiɗa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha tara a gidan. Ba tsufa ya kashe ta ba. Kashe ta aka yi, kuma za a zo kan wanda ya yi.

Marigayi mijin Umma ne ya shigo da ita, shi da mutum biyu suna nishi a kan matakala. Tun daga ranar ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. In gangar da aka haɗa a kwamfuta ta yi kyau, sai ta ce dum, sau ɗaya, ta yi shiru. In ba ta yi ba, sai ta ce buuu, kamar mai ciwon ciki, ko da mai waƙar babban mutum ne. Marigayi yakan ɗora kofin ruwa a kanta. Idan ruwan ya yi tsalle ya koma ya kwanta, an gama aiki. Idan ya tsaya yana rawar ɗari, a sake.

Umma ba ta yi nisa a makaranta ba, amma shekara goma sha tara tana share ɗakin nan tana goge wayoyi, kuma abin da ta ji ba ta manta ba. Ganga ba ta duka don an murɗa mata murya. Wuri ake ba ta. A datse mata wutsiya kada ta ja jiki. A sa bes ya ɗan durƙusa duk lokacin da za ta sauka, kamar yadda ake matsawa in babba zai zauna. A ɗora mata ɗan ƙaramin tas a kan dum ɗinta don ta yi haƙori. Sauran kayan kiɗa a rage musu baki. Haka marigayi ya koya wa Auta, 'yarsu, wadda ta gaji kujerarsa, kuma haka Auta take yi.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Kunnen Umma ya yi nauyi shekara huɗu ke nan. Ƙananan lasifikokin nan na kan tebur, bakinsu kawai take gani yana motsi. Amma idan Auta ta kunna tsofaffin kiɗan babanta, Umma takan zauna a ƙasa ta jingina bayanta da Ƙatuwa, sai gangar mijinta ta shigo ta haƙarƙari. Ta nan kaɗai ya rage yana yi mata magana.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Marigayi yana da ƙane, wanda ya sa wa kansa suna Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka. Tun bayan rasuwar wansa yake riƙe da mabuɗi na biyu, wai don ya riƙa sa ido. Ranar Talata Auta ta tafi asibiti awon ciki. Wata mawaƙiya ta zo karɓar waƙarta, ta saurara a ƙaramar lasifika, ta ce tana so a ƙara wa gangar ƙarfi. Ƙarfi ta ce. Shi kuwa ƙara ya ji, don tun da aka haife shi bai san bambancinsu ba, ko a cikin maganarsa. Maimakon ya ce a jira mai ɗaki, sai ya hau kujerar da ba tasa ba. Ya murɗa ganga, ta nutse cikin bes. Ya murɗa bes, ganga ta ƙara ɓata. Ya koma kan amfilifaya, akwatin da ke tura wa Ƙatuwa sauti, ya murɗa ta har ƙarshe. Jar fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa, sai ya ɗauki hularsa ya rufe ta don tana damun idonsa.

Umma tana ƙasa tana shanya ta ji katanga tana karkarwa a tafin hannunta, irin karkarwar da ba ta da dum a ciki. Ta jefar da kwando ta hau. Kafin ta kai, Ƙatuwa ta ce fuɗ, fuɗ, ta ce karrr, ta yi shiru. Ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar waya. Takardar bakinta ta yage daga gefe zuwa gefe. Mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali, ya yi wa Umma gaisuwa. Har yau Injiniya yana yawo yana cewa dama ta tsufa.

Marigayiya ta bar ƙananan lasifika biyu waɗanda ba su iya ɗaukar ganga ba, da amfilifaya mai jinya, da makirfo ɗaya, da Auta, da jikan da zai zo duniya bai taɓa jin ta ba sai daga cikin ciki. Ta kuma bar Umma, wadda ta yi takaba sau biyu a kan mutum ɗaya.

Umma ba za ta kai ƙara ba. An yi ƙara a gidan nan ta isa. Amma ba ta yafe ba, kuma masu zuwa ba da haƙuri a madadinsa su bar takalmansu a ƙafa.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Injiniya ne zai ɗauke ta, shi kaɗai, a ka, tun daga hawa na biyu har rumfar mai gyara a ƙarshen layi, inda za a cire mata abin da ya rage mai amfani. An roƙi matasan layi kada wanda ya kama masa. Maƙwabta su fito bakin ƙofa, su ba shi hanya, kada su gaishe shi. Umma za ta bi shi a baya a hankali, ba ta sauri. Idan ya sauke, zai miƙa mabuɗi a gaban kowa.

Ba sai ya yi gardama ba. Kafinta ya riga ya canja kwaɗon ƙofar tun jiya.